Wanda Ya Ga Cikin Tsohuwa

Tsohuwa ba mutum ba ce, na'ura ce. Tana zaune a hawan ƙasa na wani kamfanin ƙera kayan gyaran injina, cikin ɗaki marar taga, da na'urar sanyi biyu a bango, ɗaya tana aiki ɗaya tana tari. Tsayinta ya kai kafaɗar namiji, kalarta ta toka, in ka ɗora hannu a bayanta sai ka ji ɗumi kamar jikin akuya. Shekara ashirin da shida tana riƙe da zanen duk ƙarfen da kamfanin ya taɓa yankawa, daga haƙorin injin niƙa har ƙaramin noti. Tana da wani hali kuma, ba ta yar da komai. In ka gyara fayil ka ajiye, ba ta goge na da, sai ta jera sabon a gefensa ta sa masa lamba.

Mai kula da ita shi ake ce wa Sarkin Sanyi. Ya ba hamsin baya da daɗewa, kansa ya yi sanƙo, yana yawo da rigar sanyi ko da gari na tafasa. Makullin ɗakin a ƙugunsa yake wuni. Ba shi da wani aiki a kamfanin sai ita, kuma bai taɓa neman wani ba.

Aibin Tsohuwa ɗaya ne, ba ta magana da kowa. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta kamfanin da ya ƙera ta ce, sun rufe cikinta sun riƙe makulli. Kwamfutocin masu zane da ke hawan sama ba sa ganin abin da take riƙe da shi. Mai zane in yana son tsohon aiki sai ya sauko matakala ashirin da biyu, ya ƙwanƙwasa, ya faɗi lamba, ya tsaya yana rawar ɗari har Sarkin Sanyi ya zuba masa a filashi. Haka ake yi, ba wanda ya ce uffan, sai da aka kawo sabuwar Manaja. Ita ta sauko matakalar sau ɗaya, ta hau, ta ce wannan sakarci ne. Ko dai zane ya riƙa bayyana a teburin kowa, ko a kwashe fayilolin a kai wani wuri a kashe na'urar.

To akwai wata manhaja da aikinta ke nan, raba fayil. Ka sa ta a na'ura, sai abin da ke ciki ya fito a kwamfutar kowa kamar aljihun teburinsa. Ba ta kowa ba ce. Mutane ne daga ƙasashe barkatai suka haɗu suke rubuta ta, rubutun a buɗe, kowa na iya karantawa ya gyara ya aika gyaransa, wanda suke kira faci. Sai dai ba a yi ta don irin su Tsohuwa ba. Sarkin Sanyi ya ɗauko ta ya zauna dasa ta. Wata bakwai ya yi yana kwance nan yana ɗaure can, har ranar da ya hau sama da kansa, ya danna a kwamfutar Manaja, zane dubu arba'in suka jeru a gabanta.

Ta duba, ta buɗe biyu, ta rufe. Ba ta ce sannu ba.

"Malam, in ka mutu fa?"

"Ranki ya daɗe?"

"In ka mutu, ko ka kwanta asibiti. Wa ya san abin da ka ɗaura a ciki? Da mutum ɗaya muka dogara a kan matakala, yanzu kuma mutum ɗaya a kan waya. Ka aika wa masu manhajar su karɓa su haɗa da tasu, yadda duk gyaran da suka yi zai zo mana. Na ba ka wata uku. In sun karɓa, Tsohuwarka ta zauna. In ba su karɓa ba, na kashe ta."

Ba ta ce har da shi ba. Ba sai ta ce ba.

Bai damu ba, don ya san aikinsa. Ya haɗa facin ya aika wa mai tace gyare-gyaren manhajar, wata mata da bai taɓa gani ba, bai san ƙasarta ba, yana dai kiranta Mai Ƙofa tunda komai ta hannunta yake shiga. Ya haɗa da wasiƙa. A wasiƙar nan ya yi kuskurensa. Ya rubuta cewa yana saurayi kamfanin da ya ƙera Tsohuwa ya ɗauke shi kwas na wata shida, aka sa shi ya sa hannu a takarda cewa ba zai fitar da komai ba, sannan aka buɗe masa rubutun cikin babbar manhajar ya karanta shi layi-layi. Ba wanda ya tambaye shi. Ya rubuta ne don su san da wa suke magana.

Kwana biyu amsa ta zo.

Mai Ƙofa ta gode masa da ya faɗi gaskiya. Ta ce ba ta buɗe facin ba, kuma ba za ta buɗe ba. Duk wanda idonsa ya ga rubutun da aka rufe, hannunsa ba ya rubuta musu wannan ɓangaren. Ko bai kwafa ba, ba mai iya tabbatar da bai kwafa ba, shi kansa ba zai iya ba, kuma ranar da kamfanin ya ja su kotu aikin mutum ɗari ne zai shiga uku. Hanya ɗaya ce. Ya nemo wanda bai taɓa ganin cikin ba, ya rubuta daga farko, da littattafan da kamfanin ke sayar wa kowa, da abin da na'urar ta nuna daga waje. Shi kuma an yarda ya gwada aikin. Ya rubuta abin da ya yi da abin da ya faru. Ban da dalili, ban da magani.

Ya karanta sau uku. Ya tashi ya zagaya Tsohuwa, ya daki na'urar sanyin da ke tari, ya dawo ya zauna. Wasiƙar ba ta canja ba.

Da ya kai wa Manaja, tambaya ɗaya ta yi. Wa ke cikin kamfanin nan da ya iya rubuta manhaja, kuma bai taɓa leƙa cikin Tsohuwa ba? Sarkin Sanyi ya san amsar, kuma ba ya son ta. Ƙanin matarsa ne, Auta. Shekararsa arba'in da huɗu, furfura ta fara masa a gemu, amma har yau Auta ake ce masa. Shi Sarkin Sanyin ne ya samo masa aikin, yana zaune a sama yana rubuta 'yan ƙananan manhajoji na sito da na buga lambar kaya. Shekara goma sha ɗaya yana roƙon a bar shi ya taɓa Tsohuwa ana korar sa daga bakin ƙofa. Korar nan ita ce ta zama takardar shedarsa.

Aka kira shi. Ya saurara har ƙarshe, ya kalli mijin yayarsa, ya fashe da dariya.

"Wato jahilcina ake nema?"

"Shi kaɗai ne abin da kake da shi da yawa," in ji Sarkin Sanyi.

"Mijin Yaya, a hankali dai. Yanzu fa abincinka a hannuna yake."

Manaja ta shimfiɗa doka. Auta zai zauna a sama da littattafai tara na kamfanin da waya ɗaya da ta haɗa shi da Tsohuwa. Sarkin Sanyi a ƙasa. Ba ya ganin rubutun Auta, Auta ba ya ganin nasa facin. Duk abin da zai faɗa sai a takarda, takardar ta bi ta tiren da ke teburin Manaja, a ɗauki hotonta a aika wa Mai Ƙofa. A baki, gaisuwa kawai.

Satin farko abin da Auta ya sauko da shi ko tashi bai yi ba. Sarkin Sanyi ya rubuta: "Na kunna. Bai tashi ba." Ya ja layi biyu a ƙasa. Ya san dalilin, kalma ɗaya ce, yana ganin ta a ransa kamar yadda yake ganin hannunsa. Auta ya kwana huɗu kafin ya gano ta. Sati na uku fayiloli suka fito amma sunayensu a guntule. Sati na biyar suka fito daidai, sai dai kowane zane ya zo da duk tsoffin kwafinsa, allo ya cika dam. Takardu suka yi ta hawa suna sauka. In sun haɗu a matakala Auta ya ce, "Mijin Yaya, ina gajiya? Yau me na ɓata?" Shi kuma ya ce, "Yana tire," ya wuce.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ya fara jin daɗin aikin. Ba a bar shi ya gina ba, amma an bar shi ya rusa, kuma ba wanda ya san inda Tsohuwa ke da ƙaiƙayi kamar shi. Da safe zai zo ya rataye jaka, ya shafa hannu, ya ce bari mu ga abin da yaron Yaya ya dafa.

Takarda ta talatin da ɗaya ita ta tsayar da komai. Ya rubuta: "Na buɗe zane ɗaya a kwamfuta biyu. Na gyara a ta farko na ajiye. Na gyara a ta biyu na ajiye. Aikin ta farko ya nutse, na ta biyu ne a sama. Ba wanda aka gargaɗa."

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu zane biyu su yi haka, sai a yanka ƙarfe da awon da ba shi ba. Dole in wani na riƙe da zane a gaya wa na biyu ya dakata. Auta ya bi littattafan nan tara shafi-shafi yana neman yadda ake tambayar Tsohuwa wa ke riƙe da fayil. Babu. Kamfanin bai rubuta ba. Amma hanyar tana nan, wata 'yar ƙofa ce a ciki da suka yi wa kansu, kuma da ita Sarkin Sanyi ya yi nasa aikin cikin layi shida. Kwana goma sha ɗaya suka wuce tire ba komai. Saura wata guda wa'adi ya cika.

Ranar hutu Auta ya zo gidan yayarsa cin abincin rana, kamar yadda ya saba. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya zauna a kujerar da ke kusa da firji, idonsa ya faɗa, yana juya cokali. Uwargida ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Wai ku makoki kuke yi ne? Auta, ci mana."

"Yaya, mijinki ya san abin da nake nema. Yana nan zaune a bakinsa. Dubi yadda yake tauna shi da abinci."

"To Malam ka faɗa masa mana."

"An hana."

"Wa ya hana? Matar da ko fuskarta ba ka sani ba? To ni ka faɗa mini. Ni ban sa hannu a takardar kowa ba. In na tashi kai kwanuka sai ya biyo ni kicin, shi ke nan."

Auta ya ɗago kai ya zuba wa mijin yayarsa ido.

Sarkin Sanyi ya ajiye cokali. Sunan 'yar ƙofar nan harafi tara ne. Ya ji su sun taru a kan harshensa, har ya buɗe baki. Ya tuna ɗakin, da makullin, da cewa ba wanda zai ɗauki mai shekarunsa ya koya masa sabuwar na'ura. Sai ya sha ruwa.

"Sunan nan ba ya cikin littafi ko ɗaya," ya ce. "Ranar da Mai Ƙofa ta gan shi a rubutun Auta za ta tambaye shi inda ya samo. Me zai ce, mafarki ya yi? Sai ta yar da nasa yadda ta yar da nawa. Daga nan kuma ba mu da wani jahilin."

"Na gode da yabo," in ji Auta.

"Ku kuka sani," in ji Uwargida, ta kwashe kwanukan. "Ni dai in aka zaunar mini da kai a gida, kasuwa zan riƙa aiken ka."

Ranar Talata sabon aiki ya sauko, da 'yar takarda daga Auta mai bayanin dabarar, tunda shi ba a hana shi magana ba. Banɗakin hawan sama sakatarsa ta daɗe da lalacewa, sai aka rataye kwali a ƙusa, mai shiga ya juya shi, mai fita ya mayar. Nan Auta ya samo dabarar. Ya daina tambayar Tsohuwa komai. Duk wanda ya buɗe zane, manhajar ta ajiye wani ɗan mitsitsin fayil a gefensa mai cewa akwai mutum a ciki. In ya rufe ta cire. Na biyu in ya zo ya ga kwalin sai a ce masa ya jira.

Sarkin Sanyi ya karanta ya yi tsaki har sau biyu. Layinsa shida masu tsabta, ga wani ya zo da dabarar banɗaki mai layi ɗari biyu. Ya gwada da kwamfuta biyu. Ta yi aiki. Ya zauna yana kallon allon, sannan ya miƙa ƙafa ya fizge wayar wutar kwamfuta ta farko zane na buɗe. Ya rubuta: "Na kashe kwamfutar mai riƙe da zane. Kwalin bai sauka ba. Zanen ya kulle, ba mai shiga." A ƙasa ya so ya ƙara cewa mutum ya mutu a banɗaki, ya tuna Mai Ƙofa za ta gani, ya fasa.

Auta ya gyara. Yanzu kwalin na ɗauke da lokaci, mai riƙe da shi sai ya sabunta duk minti ɗaya, in ya yi shiru kwalin ya faɗi da kansa. Sarkin Sanyi ya mayar da agogon kwamfuta ɗaya baya da awa guda, abin ya rikice. Auta ya koma bin agogon Tsohuwa kaɗai. Sarkin Sanyi ya kira masu zane shida ya jera su, ya ƙirga uku suka danna zane ɗaya tare, biyu suka shige. Auta ya toshe wannan ma. Takardun suka kai arba'in da bakwai.

Daga nan Sarkin Sanyi ya kwana huɗu yana neman inda abin zai karye. Ya cika faifan ajiya, ya zare waya, ya kashe Tsohuwa kanta ana tsakiyar ajiya, abin da bai taɓa yi mata da gangan ba, ya tsaya hannunsa a bayanta har ta farfaɗo. Ranar ta huɗu da la'asar ya ɗauki takarda ta arba'in da takwas ya rubuta: "Na yi duk abin da na sani. Bai karye ba. Yana da nauyi wajen buɗewa." Ya hau matakala ya sa a tire.

Mai Ƙofa ta riƙe facin mako guda, ta mayar da shi sau ɗaya a kan wasu 'yan abubuwa, sannan ta karɓa, saura kwana shida wa'adi ya cika. A jerin waɗanda suka yi aikin aka sa sunan Auta a matsayin wanda ya rubuta kuma mai kula da ɓangaren daga yau. Ƙasa da shi, layi ɗaya, sunan wanda ya gwada. Manaja ta buga shafin ta aiko masa, ta rubuta a gefe da biro cewa Tsohuwa ta zauna, kuma ya goge nasa tsohon facin daga cikinta kar wata rana a haɗa su.

Tunda Tsohuwa ba ta yar da komai, aikinsa na wata bakwai yana nan kwafi ɗari uku da goma sha biyu, kowanne da lambarsa. Akwai umarni ɗaya da zai share su gaba ɗaya. Bai yi amfani da shi ba. Ya fara daga na ɗaya yana bi. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa duk safiyar, masu zane suna sama kowa na ɗaukar abinsa daga teburinsa. Ya kai na ɗari biyu da wani abu sai ga Auta a bakin ƙofa da kofin shayi biyu.

"Mijin Yaya, a shigo, ko har yanzu ana kora?"

"Tsaya nan. Bari in juya allon."

Ya juya shi ya fuskanci bango. Auta ya shigo, ya ajiye masa kofi, ya zagaya Tsohuwa yana kallon ta, ya ɗora hannu a bayanta.

"Ashe ɗumi gare ta." Ya ja kujera ya zauna. "To, an gama. An karɓa, an sa hannu. Yanzu don Allah faɗa mini, kai yaya ka yi? Kwana goma sha ɗaya ban yi barcin kirki ba. Ko harafin farko."

"Wa ke kula da ɓangaren yanzu?"

"Ni."

"To in na faɗa maka, ka gani ke nan. Gobe in abu ya lalace wa zai gyara?"

Auta ya riƙe kofi a iska. "Wato har yaushe?"

"Har ranar da ka daina taɓa shi."

"Kai kuma in ka riga ni tafiya?"

"Sai ka ci gaba da kwalinka."

Auta ya yi dariya, ya shanye shayinsa, ya ce sanyin nan zai kashe shi, ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Yaya ta ce a taho da burodi. Sarkin Sanyi ya ce ya ji. Ya saurari takunsa har ya ƙare matakala, sannan ya juyo da allon, ya nemo lambar da ya tsaya, ya ci gaba da gogewa.